Buɗaɗɗiyar wasiƙar ƙorafi ga kamfanin da ya sayar mana da zagayen Mozart a Viyana

Zuwa ga shugabannin kamfani,

Bayan gaisuwa. Jiya Talata, 4 ga Nuwamba, da ƙarfe goma da minti ashirin na safe, Allah ya sa aka ɗaga wayarku bayan sati uku ina bugawa. Abin da aka faɗa mini a wayar nan shi ya zaunar da ni rubutu. Na rubuta muku da Jamusanci sau biyu, da Turanci sau ɗaya. Wannan karon da Hausa na rubuta, kuma a bainar jama'a, don 'yan'uwana da ke kawo iyayensu ziyara ƙasar Ostiriya su karanta. Idan ba ku ji ba ku nemi tafinta, tunda shawarar da ma'aikaciyarku ta ba ni ke nan game da mahaifina. Ban kama sunanku ba, kun dai san kanku.

Wajen ƙarshen Agusta na biya ku Yuro 285 kuɗin zagayen gari a ƙafa kan rayuwar Mozart, shahararren mai tsara kiɗan nan, na mutum uku: ni, da mahaifina, da 'yata mai shekara tara. Kun ƙara karɓar Yuro 45 na tikitin shiga gidan da ya zauna a Domgasse. Jimla Yuro 330, rasit yana hannuna. A takardar da kuka aiko an rubuta awa uku, jagora namu mu kaɗai, bayani da Turanci, shiga cikin gidan, sannan a ƙare a maƙabartar St. Marx inda aka binne shi. A gurbin da kuka tanada don ƙarin bayani na rubuta cewa Baba shekararsa 74, yana fama da gwiwa, yana dogara sanda, a yi mana tafiya a hankali. Kun amsa a ranar, cewa babu matsala. Lokacin kuɗi bai gama shiga ba, shi ya sa hannunku ke da sauri.

Ya kamata ku san ko wane ne kuka wulaƙanta. Baba ya yi shekara 31 a badujalar 'yan sanda yana busa sarewar Turawa da ake kira kilarinet. Yana karanta rubutun kiɗa kamar yadda ku kuke karanta jarida. Mun tashi a gida muna jin wani kaset nasa na kiɗan kilarinet ɗin da Mozart ya kammala a Oktoban 1791 saboda abokinsa Anton Stadler, saura kamar wata biyu ya rasu. Kaset ɗin ya tsinke ya fi a ƙirga, a haɗa da jan farcen Mama a ci gaba. Da biza ta fito na tambaye shi inda yake son gani, bai ambaci fadar sarakuna ba, bai ambaci kogin Danube ba. Domgasse mai lamba 5 ya ce. Shi ya gaya mini cewa a duk gidajen da Mozart ya yi haya a Viyana wannan kaɗai ya rage a tsaye, cewa ya zauna a ciki daga 1784 zuwa 1787, kuma a 1785 mahaifinsa Leopold ya taso daga Salzburg ya sauka a wurinsa, har Haydn, wani babban mai tsara kiɗa na zamanin, ya shaida wa tsohon cewa bai san wani mai tsara kiɗa da ya kai ɗansa ba. Baba yana son ya tsaya a ɗakunan da wannan uban ya tsaya. Ni kuma na ce tunda abin ya kai haka, gara in biya masana su kai shi da in yi masa kame-kame.

Asabar 11 ga Oktoba, ƙarfe goma aka ce, a ƙofar babban cocin Stephansdom. Tara da minti arba'in muna wurin. Iska tana kaɗawa, Baba yana tsaye a kan sanda, masu jajayen riguna da farin gashin aro suna ta zagaye mu da tikitin kallon kiɗa. Na buga lambar da kuka bayar, ba a ɗauka ba. Sai goma da minti arba'in wani saurayi ya ɓullo da lema a ɗage, mutum ashirin da wani abu a bayansa, ya duba wayarsa ya kira sunana a karkace ya ce mu shiga layi. Na ce masa mu na keɓe muka biya. Ya ce abokin aikinsa ba shi da lafiya, in yi magana da ofis ranar Litinin. Na dubi Baba, ya ce mu je kawai.

Yawancin ayarin Jamusanci suke ji, don haka da Jamusanci aka yi bayani, mu kuma a jefo mana jimla biyu ta Turanci in an tuna da mu. Ni na riƙa fassarawa, wato na biya kuɗi na kuma yi aikin. A cocin Stephansdom ɗin, inda aka ɗaura auren Mozart da Constanze Weber ranar 4 ga Agusta 1782, inda kuma aka kawo gawarsa a Disamban 1791, ba mu yi minti uku ba. Gidan Singerstrasse mai lamba 7, inda ya sauka a 1781 cikin tawagar Babban Bishop na Salzburg kafin su ɓata har Count Arco, wani jami'in Bishop ɗin, ya sallame shi da shuri, wuce shi aka yi kamar ba a san da shi ba. Baba ne ya nuna wa jikarsa ƙofar da sanda muna tafe.

Da muka isa Domgasse aka tsaya a bakin ƙofa. Na tambayi tikitinmu. Jagoranku ya ce ba ya cikin takardarsa. Sannan ya ɗaga murya ya sanar da jama'a cewa a wannan gidan Mozart ya mutu cikin talauci, wani mai tsara kiɗa da ake kira Salieri ya ba shi guba, aka wurga gawarsa a ramin matsiyata. Baba ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta, ya ce cikin ladabi, da Turancinsa na tsohon ɗan sanda, ba a nan ya rasu ba, a Rauhensteingasse ne. Saurayin ya yi murmushi ya ce da Jamusanci, ashe yau muna tare da farfesa daga Afirka. Wasu suka yi dariya. Baba bai ji abin da aka ce ba, amma dariya ba ta buƙatar tafinta. 'Yata kuwa a nan take makaranta, ta ji sarai.

Kuma Baba ne mai gaskiya. Mozart ya rasu ranar 5 ga Disamba 1791 yana da shekara 35 a Rauhensteingasse, tafiyar 'yan mintoci daga inda muke tsaye, fiye da shekara huɗu bayan ya bar Domgasse. An rushe wancan gidan tun ƙarni na sha tara, katafaren kanti ne a wurin yanzu, akwai allon tunawa a jiki. Littafin coci zazzaɓi mai zafi mai fitar da ƙuraje ya rubuta. Maganar guba tsohuwar jita-jita ce da wasan kwaikwayo da fim suka hura wa wuta. Salieri da ake ɗora wa laifin, Mozart da kansa ya ɗauke shi zuwa kallon wasansa a Oktoban 1791, ya kuma rubuta wa matarsa irin yabon da mutumin ya yi. Daga baya ma Salieri ne ya koyar da ɗan Mozart, Franz Xaver. Wace uwa ce za ta kai ɗanta karatu wurin wanda ya kashe uban? Jana'izar kuwa ta aji na uku ce, irin wadda ake yi wa yawancin mutanen birnin a zamanin. Ni ba masanin kiɗa ba ne, aikina daban. Duk wannan a bakin Baba na fara ji, na zo na duba na tarar haka yake. Ku da kuke cin abinci da sunan mutumin nan, ko inda ya cika ba ku koya wa yaranku ba.

Inda aka samu lokaci shi ne shagon cakulan. Minti ashirin da biyar, na duba agogo. A nan ne Turancin jagoranku ya dawo tsaf, yana ta yi mana bayanin farashin kwali babba da ƙarami na alawar nan mai hoton Mozart, wadda aka fara yi a Salzburg a 1890, shekara 99 bayan mutuwarsa. Mai shagon yana kiransa da suna. Daga nan aka ɗauki sauri zuwa lambun Burggarten, mu uku muna can baya, ina hango lemar tana ƙara nisa. Ko sau ɗaya bai waiwayo ba. Sha biyu da kwata muka isa gaban mutum-mutumin Mozart, muka tarar ana watsewa. Awa ɗaya da minti talatin da biyar ke nan cikin awa ukun da na saya. Na ce St. Marx fa? Ya nuna titi da lemarsa ya ce mu hau tarago mai lamba 71.

A hanyar gida yarinyar ta tambaye ni me ya sa aka yi wa Kaka dariya. Har yau ban ba ta amsar kirki ba.

Daga nan sai jeka ka dawo. Na aika saƙo a daren, aka turo amsar na'ura. Na sake aikawa cikin satin. Na buga waya sau shida ko bakwai, wata rana kiɗa kawai ake sa mini har layin ya yanke, kuma don ƙarin cin fuska kiɗan Mozart ne. Wani ya taɓa cewa za a kira ni kafin Juma'a, ban san wace Juma'ar yake nufi ba. Na je adireshin da ke kan rasit, ƙofa a kulle, sunayen kamfanoni huɗu ko biyar a jikin akwatin wasiƙa ɗaya.

Sai jiya. Wayar ta ɗauki minti goma sha ɗaya, kuma na rubuta abin da aka ce tun ban ajiye ba. Matar ta ce ita ce mai kula da ƙorafi. Na karanta mata lambar rasit. Ta ce a wurinsu zagayen ya gudana, tunda mun halarta har ƙarshe. Na ce tikitin Yuro 45 fa, wanda ba mu shiga da shi ko'ina ba? Ta ce za ta duba. Na kawo maganar abin da aka faɗa wa Baba. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce: "Wasa ne kawai. Ka san baƙi daga wasu yankuna ba sa zuwa da masaniyar da za su ji daɗin irin wannan zagaye. Da ka samo masa tafinta." Na ce Turanci muka biya, kuma yana jin Turanci. Sai ta ce: "Tsakani da Allah, mahaifinka ya san ko wane ne Mozart kafin ya zo?" Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Daga nan ta yi mini tayin ragin Yuro 10 a zagayenmu na gaba, ta ce alheri ne daga kamfani, ba dole ba ne.

Ku riƙe Yuro gomanku. Ina son Yuro 330 ɗina cif, a asusun da suka fito, ba takardar ragi ba. Ina son wasiƙar ban haƙuri a kan takarda, da sa hannun mutum mai suna da muƙami, a rubuta ta zuwa ga mahaifina, ba zuwa ga "abokin ciniki mai daraja" ba. Kuma ina son ku gaya mini ko saurayin nan yana da lasisi. Jagorancin baƙi a Ostiriya sana'a ce da doka ta tsare, sai an ci jarrabawa ake yin ta, masu yin ta kuma suna da katin shaida. Ban ga komai a wuyansa ba sai igiyar waya.

Da farko na ɗauka tsautsayi ne na rana ɗaya, har ina jin tausayin yaron da aka jibga wa ayari biyu. Wayar jiya ta canza mini tunani. Wanda ya yi kuskure ba haka yake magana ba. Ina zargin cewa sayar da zagayen keɓe a tura mutane cikin taro dabara ce da kuka saba, don kun san baƙo kwana uku zai yi ya tafi, ba zai tsaya bin Yuro ɗari uku daga wata nahiya ba. Ina zargin minti ashirin da biyar na shagon cakulan akwai kason da ke komawa aljihun wani. Abin da ya fi ci mini rai, ina zargin kuna duba suna da fatar mutum kafin ku yanke shawarar irin amsar da ta dace da shi. In ba haka ba ne, ku ƙaryata ni da hujja. Mutum nawa kuka karɓi kuɗin tikitin Domgasse a hannunsu bana aka bar su a bakin ƙofa? Kuɗin yana ina? Kun yi rashin sa'a, ni a garin nan nake zaune, ba inda za ni.

Ranar Litinin da ta biyo bayan zagayen na ɗauki hutu a wurin aiki, na sake sayen tikiti da kuɗina, muka shiga gidan. Baba ya hau benen a hankali, ya yi kusan awa biyu a ciki, ba wanda ya kore shi. Da yamma muka hau taragon 71 ɗin zuwa St. Marx, muka zauna kusa da karyayyen ginshiƙin nan da mala'ikan dutse da aka kafa a inda ake kyautata zaton kabarin yake. Shi ya yi mana bayanin cewa babban dutsen tunawar an ɗauke shi zuwa babbar maƙabartar birni tun 1891. Wasu mata biyu da suka zo ziyara suka tsaya suna sauraro, na fassara musu.

Ya koma gida ranar 26 ga Oktoba. A filin jirgi ya ce in bar maganar, a bar wa Allah. Ban saba ƙetare maganarsa ba, kuma da na bari, ba don tambayar da ma'aikaciyarku ta yi jiya ba. Na ba ku zuwa 19 ga Nuwamba. In ranar ta wuce ban ga kuɗi da wasiƙa ba, zan kai rasit, da saƙonnin, da abin da na rubuta na wayar jiya sashen kare masu saye na Arbeiterkammer, wato majalisar kare haƙƙin ma'aikata, in kuma tambayi hukumar da ke ba da lasisi game da jagoranku. Wasiƙar ban haƙurin ku aiko ta adireshina da ke kan rasit, ni zan kai masa da hannuna in na je gida.

Ni ne,
Ɗan dattijon da kuka kira farfesa daga Afirka