Jami'ar Ahmadu Bello da aikin da aka kafa ta dominsa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi tsokaci kan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, domin duk sa'ad da aka tayar da zancenta, gurbin karatu da kuɗin rajista kaɗai ke bakin jama'a.

Da aka buɗe ta ranar 4 ga Oktoba 1962, Gwamnatin Jihar Arewa haɗa ta ta yi daga cibiyoyin da suka riga ta tsayuwa, ciki har da makarantar koyon mulki ta Kongo, tashar binciken noma ta Samaru da gonar dabbobi ta Shika. Wato bincike ya girmi aji a jami'ar. Sardauna ne uban jami'a na farko, gwamnatin tarayya kuma ta karɓe ta a 1975.

Manomin da ya shuka masara SAMMAZ, gyaɗa SAMNUT ko wake SAMPEA, gumin Samaru ya shuka, ko bai sani ba. Haka mai kiwon kaza Shika Brown, gumin Shika yake kiwo. Iri kuwa ba ya fita dare ɗaya. Sai an yi barbarar tsirrai, a zaɓi masu jure fari da wuta-wuta, a gwada su damina bayan damina a wurare dabam-dabam, sannan a gonakin manoma, kafin kwamitin ƙasa ya amince a sake shi. Daga nan a riɓanya ɗan irin da masani ya fitar zuwa irin tushe, kamfanoni su mayar da shi irin sayarwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokaci. Kuɗin gwajin da ya kamata ya iso a Mayu in ya zo a Agusta, shekarar ta tafi, don ruwan sama ba ya jiran takardar ofis. In wuta ta ɗauke a ɗakin sanyin ajiyar iri, ƙarfin tsirowarsa ya ragu. In ba malamin gona, sabon irin ya tsaya a Samaru, manomi ya koma kan wanda ya ajiye a rumbu.

Saboda haka ina roƙon TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, da ma'aikatar gona ta tarayya su riƙa sakin kuɗin bincike kafin faɗuwar damina, a kuma ba ɗakunan ajiyar iri wutar sola tasu ta kansu. Gwamnonin Arewa, da jama'arsu ke cin moriyar aikin, su ɗauki nauyin malaman gona.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
Samaru, Zariya