Bakabe, na kama kifi na mayar da shi ruwa

Assalamu alaikum, Bakabe bawana.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya iyali, ya ƙarfin jikin Baba? Ya ruwa a wajenku? Saƙon muryarka ya iso, har da zagin da ka rufe da shi, kuma na yafe maka, don ba a biye wa bawa. Shirun da ka ji ba wulaƙanci ba ne, inda na shiga ne babu sabis ko ɗigo. Bari in fara sauke abin da ke cina tun da na dawo.

Na kama kifi. Ni ɗin nan da ka taɓa cewa a gaban mutane ko a baho aka saka mini tarwaɗa sai ta tsere. Da fatsa na kama, ina zaune cikin kwale-kwale a tsakiyar tafki. Sai dai ka gyara zama, don ƙarshen labarin ba zai yi maka daɗi ba.

Ka tuna dattijon nan na wurin aikinmu, wanda na ce maka kakanninsa daga Finlan suka zo? Irinsu suna da yawa a nan garin Thunder Bay na Kanada. Shi ne ya ji ni ina cewa kamun kifi a ƙasar nan sai masu hannu da shuni, saboda tallan da nake gani: a ɗauke ka a ƙaramin jirgin sama mai sauka kan ruwa, a ajiye ka a wani gidan katako can cikin daji, mako guda ka biya dala 1,000 da ɗoriya mai kauri. Ya yi dariya ya ce wannan na baƙi ne, Amurkawa ake yi wa. Ashe wajen kashi 87 cikin 100 na lardin Ontariyo ƙasar gwamnati ce, ba ta kowa ba, kuma duk mazaunin Kanada yana da damar kafa tantinsa a mafi yawanta kyauta, har kwana 21 a wuri ɗaya cikin shekara. Ba sai kana da fasfonsu ba, in dai ka yi wata 7 a ƙasar cikin wata 12 da suka wuce, ka shiga lissafi. Tafkuna kuwa sun kai 250,000 a lardin nan kaɗai. Ku da kuke da kogin Matan Fada na Argungu guda ɗaya kun hana duniya sakat.

Abin da ya fita aljihuna ba zai sa ka kuka ba. Akwai wani kati da ake yanka na shekara 3, bai kai dala 10 ba. Sannan lasin kamun kifi iri biyu ne, babba da ƙarami, babban ma bai kai dala 30 a shekara ba ga mazaunin lardin. Ni ka san ni, ƙaramin na yanka, kuma ka riƙe wannan, don shi ne ya ja mini. Tanti na hannu na saya a Facebook wurin wata mata da ke kwashe kayan ɗanta. Kwale-kwale da filafilai da fatsa duk na dattijon ne. Mai muka yi karo-karo ni da abokin tafiyarmu, wani ɗan Damagaram. Abinci daga gida: shinkafa, Indomie, garin kwaki, man gyaɗa, albasa, da ragowar yajin da Hajiya ta ba ni. Wuraren da aka keɓe irin su Quetico, can wajen Atikokan, kowane dare sai ka biya, kuma dokokinsu sun fi tsauri: ba a shiga da abincin gwangwani ko na kwalba, ba a sa tana, ƙugiyar ma sai wadda aka danne wa haƙori. Dattijon ya ce wurin ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma mu fara da na kyauta tukuna.

Sunan tafkin ba zan faɗa maka ba, an rantsar da ni. Mutanen nan za su ba ka aron mota su ba ka makullin gida, amma ba za su gaya maka inda suke samun kifi ba. Abin da zan iya cewa, mun bi hanya mai lamba 527 da ta nufi Armstrong, muka sauka kan wata hanyar tsakuwa ta masu yankan katako, inda in ka ga ƙura ta taso sai ka yi maza ka ba babbar mota wuri. Daga inda mota ta ƙare sai ruwa. Daga inda ruwa ya ƙare sai a sauke kaya, a kifa kwale-kwalen a kafaɗa, a bi wata 'yar siririyar hanya cikin itatuwa da laka har tafki na gaba. Tsohon nan shi kaɗai ya saɓi kwale-kwalen ya yi gaba, mu matasa muna baya muna haki. Ɗan Damagaram kuwa ba abin da ya dame shi sai butar shayinsa da 'yan kofunansa, ya naɗe su cikin rawani ya rungume, ni aka bar wa buhun shinkafa.

Af, ka ji wai ɗan Damagaram ɗin zai ƙara aure? Waccan ɗin dai, ba wata ba. Ya ce kada in faɗa wa kowa, to kai ba kowa ba ne.

Kafin mu taɓa ruwa sai da dattijon ya sa kowa ya ɗaura rigar da ke hana nutsewa. Doka ce a samu ta kowa a cikin jirgin, tare da usur da igiya da abin kwarfar ruwa, amma shi bai yarda a ajiye ta a gefe ba. Ruwan ko a tsakiyar lokacin zafi in ka sa hannu sai ya ɗauke, wanda ya faɗa a tsakiya sanyi ne zai fara gamawa da shi kafin gajiya. Ina faɗa maka wannan ne saboda na san yadda kake shiga jiragen Yawuri hannu rabbana, kai ɗan ruwa. Waɗanda suka rasu a haɗarin jirgin ruwan Warra a 2021, a cikinsu akwai waɗanda suka fi ka iyo. Ka saya, ko don yaran nan.

Abin da ba a sa wa a hoton talla shi ne ƙwari. Sauronsu ba ya ba da zazzaɓi, amma yawa gare shi na fitar hankali, kuma ba ya jiran dare. Akwai kuma wasu mitsi-mitsin baƙaƙen ƙudaje da ke shiga bayan kunne da cikin wuyan riga, ba ka jin cizon sai ka ga jini. Mun yi sallah fuska rufe da raga. Sallar ma labari ce. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, shafaƙi ya ƙi ɓacewa, kana idar da isha'i ka ɗan kishingiɗa sai ga alfijir. Alƙibla a nan arewa maso gabas take, abin da ɗan Damagaram har yau bai gama yarda da shi ba, kullum sai ya ɗan karkata dama wai don kokwanto. Ruwan sha sai an tafasa, komai haskensa. Wuta kuma sai da muka tabbatar ba a hana hurawa ba kafin mu baro gari, don in daji ya bushe hukuma na hana wuta a yanki ɗungurungum, kuma tun gobarar 2023 ba wanda ke wasa da maganar.

Da dare ake tattara duk wani abu mai ƙamshi, abinci da tukunya har man goge baki, a zuba a jaka a rataye can sama a reshe nesa da tanti, saboda beyar. Ban gan shi ba, kashinsa kawai na gani a hanya, kuma ya ishe ni. Amma wallahi Bakabe, a daren farko ina kwance ina sauraron kowane motsi, sai wani abu ya tsaya mini a ƙirji. Ga ni a dajin da ba gida ba hanya, ba ɗan sanda ba soja, kuma duk tsorona na dabba ne. Ko sau ɗaya ban yi tunanin mutum zai fito mini da bindiga ba. Kakana a dajin Rugu yake yin makonni da shanu, sanda kawai a hannunsa. Yau Kawu gonarsa ta bayan gari ma sai ya tambayi labari kafin ya fita. Sai da na tsallaka teku na san daɗin kwanan daji. Ban iya barci ba, kuma ba sauro ne ya hana ni ba.

To, kifi. Wanda ake nema sunansa walleye, mai ruwan zinariya da manyan idanu fari-fari, ba ya son haske, shi ya sa sai da asuba ko dab da faɗuwar rana yake ci sosai. Ba taru, ba homa, ba birgi, duk haramun ne ga irinmu. Fatsa ɗaya ga mutum ɗaya. Ana maƙala tana ko matsattsaku a wata ƙugiya mai kan darma, a sake ta har ƙasa kusa da duwatsu, a riƙa ɗan ɗagawa ana saki. Cinsa ba fizga ba ne, wani ɗan nauyi kawai za ka ji. Akwai kuma pike, dogo mai baki cike da haƙora irin na tsage, shi wannan ba kunya gare shi ba, ya tsinke mini zare ya tafi da ƙugiya.

Ga inda ƙaramin lasin ya nuna mini halinsa. Da shi walleye 2 kawai aka yarda ka riƙe, mai babban lasi 4. A yankinmu kuma ɗaya tak ne a ciki zai wuce santimita 46. Wanda ka soya ka ci a bakin ruwa yana cikin lissafin ranar, wanda ke firijinka a gida ma ana ƙirga shi cikin abin da ka mallaka. In za ka tafi da shi gari sai ka bar ɗan fata a jikin tsokar don ma'aikaci ya gane irinsa. Na riga na cika nawa, ina shirin naɗe zare, sai na ji kamar na kamo dutse. Dutsen ya motsa. Ban san lokacin da na fara salati da ƙarfi ba, ɗan Damagaram na ihu da Faransanci, tsoho na cewa in zauna kada in kifar da mu. Da ya shigo raga, tsawonsa ya kusa kai hannuna daga yatsa zuwa kafaɗa. Tsohon ya jiƙa hannu, ya zare ƙugiyar a hankali, ya miƙo mini ya ce in yi sauri a ɗauki hoto. Sannan ya nuna mini ruwa.

Na dube shi, na dubi kifin. Na ce wa zai gani? Ya ce ba wanda zai gani. Ya ce irin wannan girman kusan duk mata ne, su ne masu zuba ƙwai da yawa, kuma a ruwan sanyi irin wannan kifi yana daɗewa kafin ya kai haka, ta yiwu ta girmi ɗanka na fari. Na sa ta a ruwa ina riƙe da wutsiyar har ta dawo hayyacinta, ta watsa mini ruwa a fuska ta tafi.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce Bakatsine ya samu arziki ya yar, za ka kai labarin majalisa a yi mako ana dariya. A ranar ni ma haka na ji, ko shayi ban sha da daɗi ba. Amma kai da bakinka ka gaya mini yadda ake jan taru mai idon gidan sauro a Kainji, a kwashe har 'ya'yan da ba su kai yatsa ba, kuma ka ce abin da Baba ke kamawa da safe ɗaya yanzu sai a yi mako ba a haɗa shi ba. Kuma ai ku ma kun san dabarar. Matan Fada ba hana su ake yi a cikinta ba sai ranar biki? Ba don haka ba ina za a samu na kilo 78 da aka fitar a 2020? Bambancin dai ba zan ɓoye shi ba: tsohon nan in bai kama komai ba zai koma gida ya buɗe firiji, mai jan taru a Kainji in bai kama ba yara za su kwana haka. Da ciki cike ake jin daɗin sakin kifi. Duk da haka ina ganin gaskiyar tsohon ta fi tawa, kuma haushin hakan nake ji.

Waɗanda muka riƙe kuwa, Allah ya yi albarka. Tsoka fara sol, ba ƙarni, ba ƙaya. Na soya da man gyaɗa na barbaɗa yajin Hajiya. Dattijon ya ci, ya yi tari, hawaye suka zubo, ya sake miƙo faranti. Yanzu kullum a wurin aiki sai ya tambaye ni ko da saura. Ya ce in tafki ya daskare zai kai mu mu huda ƙanƙara mu yi su ta rami, na ce masa sai na yi istihara.

Wai da gaske ne mutumin naka ya fito takarar kansila? Wanda har yau bai biya ni kuɗin littafina ba? Ka ce masa ina da ƙuri'u a Katsina amma ba sa ƙetarawa Kabi. Kuma na ga hoton sunan da aka yi a gidan Yaya, kai ne a gaba wajen nama kamar kullum, tumbin nan kuma ba na lafiya ba ne.

Akwai wani yaro ɗan Birnin Kabi da zai taso nan ƙarshen wata mai zuwa, zan turo maka lambarsa. Don Allah ka sa a karɓo yaji wurin Hajiya a ba shi, mai yawa, a ɗaure da kyau. Kada ka haɗa da kilishi, ƙwacewa za su yi a filin jirgi. Ka gaida Baba da kyau, ka nuna masa hoton, amma kada ka gaya masa na sake ta sai ya ƙara jin sauƙi. Ka gaida uwargida da yara.

Ubangidanka,
Bakatsine