Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga malamin kimiyya na Daura: shin Rana ce ke sa Mushtari ƙara?

Assalamu alaikum, Malam.

Ka yi tambaya a filin rediyo, ko yawaitar tabo a fuskar Rana na ƙara wa manyan duniyoyi ƙarfin siginar rediyon da suke fitarwa, kuma ko ɗalibanka za su iya kamawa. Amsar ta danganta da wace duniya kake nufi.

Zuhal, wato Saturn mai zobe, kam Rana ce ke kaɗa masa ganga. Idan iskar Rana, wato ɓurɓushi masu lantarki da take fesowa, ta yi ƙarfi ta matse maganaɗisunsa, lantarki ya kwarara zuwa doronsa na arewa da na kudu, sai siginarsa ta tashi. Kumbon Voyager ya gano ta a 1980. Sai dai ta fi ƙarfi ne tsakanin kilohaz 100 zuwa 400, rufin iskar samanmu mai lantarki kuwa ba ya barin wannan ya iso ƙasa. A cire Zuhal daga lissafi.

Mushtari, wato Jupita, da nasa injin yake tafe. Watansa Io yana amayar da kusan tan ɗaya na iskar gas kowace daƙiƙa, shi ne ke tayar da mafi ƙarfin ƙarar da aka fara ji a 1955. Rana tana taɓa ɓangaren da ba na Io ba, kuma ba nan take ba: iskar Rana da ke gudun kilomita 400 a daƙiƙa sai ta yi kusan mako uku kafin ta isa can.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne nan gida. Idan Rana ta yi tashe, wato tabonta ya yawaita, kamar a 2024, wancan rufi na samanmu yana ƙara kauri, ya tare Mushtari, ya kuma jawo tashoshin nesa su cika maka kunne.

Saboda haka a saurara a megahaz 20.1, daga tsakar dare zuwa asuba, a watannin da Mushtari ke sama da dare. Don yin eriya, a miƙa waya biyu gabas da yamma, kowace mita 7.1, a yanke kowace a tsakiya a haɗa kebul zuwa rediyon, tsakaninsu mita 6. Tsayin mita 3 ya isa, domin a Katsina Mushtari yakan tashi can sama sosai. A kashe janareta da inbata da fitilun LED. Da damina walƙiya ko ta nesa ce tana shiga da ƙas-ƙas, kada yara su ɗauka shi ne. Na Mushtari yakan taso ya lafa a hankali, ko ya riƙa fashewa kamar gugguru a kasko, kuma da ka ɗan murɗa mita za ka same shi yana nan, saɓanin tasha da ke ɓacewa.

Wassalam,
'Yan'uwanka masu nazarin sararin samaniya, Katsina.