Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2024

Assalamu alaikum iyayen ƙungiya, ranka ya daɗe shugaba, da 'yan'uwa mambobi maza da mata.

Da kuɗin wata-wata zan fara, domin duk aikin da za ku ji ya tsaya, nan ne tushensa. Fiye da rabin waɗanda sunansu ke cikin littafi ba su cika na bana ba, wasu ma rabonsu da zubi tun azumi. Na san halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya tashi, a Oktoban bana lita ta haura naira 1,000. To amma masu biyan ma a kasuwar da kuke cefane suke yi. Akwai mai tuyar ƙosai a cikinmu da ba ta taɓa tsallake wata ba.

Ana ta tambayar ina aka kwana kan gidan wakafi, wanda muka ce za a ba masu ƙaramin ƙarfi haya mai rahusa. Yana nan a linta. Lokacin da muka yi lissafi a bara buhun siminti naira 5,000 ne da 'yan kai, a Fabrairun bana ya wuce 10,000 a wurare da dama. Gwamnati ta zauna da kamfanonin siminti aka tsayar da 7,000 zuwa 8,000, amma rodi da kwanon rufi da kuɗin tifar yashi duk sun riga sun bi sahu. Kwamiti ya gwammace a dakata da a ci bashi da sunan ƙungiya, ko a taɓa asusun marayu. Masu rubuta maganganu a WhatsApp kan yadda aka kashe kuɗin ginin, rasit na wurin ma'aji, ƙofarsa a buɗe take.

Abin da ya faranta mana rai a bana shi ne gayyar da muka yi bayan damina, muka tayar wa iyayenmu mata uku da mazajensu suka rasu ɗakunan da ruwan Agusta ya rushe. Ba mu da kuɗin bulo, sai dattawan magina suka ce a koma ga tubali. Samari suka kwaɓa ƙasa da ramno, aka mulmula tubali aka shanya har ya bushe. Ranar ginin tun bayan sallar asuba lungun ya cika. 'Yan garuwa suka ƙi karɓar ko sisi, mata suka ɗora tukunyar dambu da kunu, wani bawan Allah ya aiko da azara ya roƙi kada a ambaci sunansa. Mai unguwa da kansa ya naɗe hannun riga. Siminti kaɗan muka saya, na tushe da bakin indararo, saboda danshi ne ke cin gindin katanga. Yaran da ba su taɓa ganin yadda ake jera azara ko shafa makuba ba sun gani sun koya, kuma idan bazara ta zo ɗakunan nan za su fi na bulo sanyi. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Darbejiya da zogalen da muka dasa a bakin makaranta, akasarinsu awaki sun cinye, domin waɗanda suka ɗauki alkawarin keji da ban ruwa ba mu sake ganinsu ba. Yashe kwata na Asabar ɗin ƙarshen wata kuwa, sai da madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri a Satumba jama'a suka fito da yawa, wata na zagayowa aka koma fuskokin da aka saba. Leda ta sake toshe magudanar bayan masallaci.

Tarukan wata an yi su yadda aka saba.

Idan ba a rufe gidan wakafi kafin damina ba, ruwa zai lalata abin da aka riga aka kashe. Duk wanda ake bi ya kai wa ma'aji kafin azumi, ko da kaɗan-kaɗan ne. Wanda kuma ba shi da hali ya zo ya faɗa, za mu sa shi cikin masu ban ruwa da yashe kwata.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya