Koke Kan Tauye Mudu da Abincin Leda da Ya Mamaye Gidajenmu

Zuwa ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi,
Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar III,
Fadar Sarkin Musulmi, Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu magidanta da iyaye mata na unguwannin Mabera, Runjin Sambo, Gidan Igwai da Ƙofar Rini muka haɗa baki muka kawo kukanmu, domin ɗa ba ya da inda zai kai ƙara sai wurin uba.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, cefane ya gagari talaka. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da kanta ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Manoman Sabon Birni, Isa da Rabah da ke ciyar da mu, 'yan bindiga sun hana da yawansu zuwa gona. Wannan duk Mai Alfarma ya sani. Abin da ya fi ci mana rai shi ne a biya kuɗi cikakke a karɓi kaya ragagge. A kasuwanninmu akwai masu bubbuge gindin kwano ya shige ciki, akwai masu kwano biyu, babba na saye wurin manomi, ƙarami na sayar wa mai gida. Ba mu ce duka 'yan kasuwa ba, akwai masu tsoron Allah da yawa, kuma su ma wannan ha'inci yana kashe musu ciniki. Kayan kanti ma haka: ledar tana nan da girmanta, abin ciki ya ragu, iska ta cike sauran.

Ranka ya daɗe, da tsadar gero da wake ta haɗu da tsadar itace da gawayi, sai uwa ta koma ga abin da ke dahuwa cikin minti biyar. Yaron da ya saba karyawa da kunu da ƙosai yanzu taliyar leda ce, da biskit da lemon kwalba. Cikinsa ya cika, jikinsa bai samu komai ba. Madarar garin da ake ƙullawa a ƙananan ledoji, da yawanta an cire mata man nono an zuba man itatuwa, a ƙasar da nonon shanu da fura suka raini kakanninmu. Daddawa ta bar tukunya, dunƙulen ɗanɗano ya gaje ta, alhali kusan rabinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙaramin cokali ɗaya, sukari kuma kada ya wuce kimanin giram 50. Kwalbar lemo ɗaya mai rabin lita tana iya cinye wannan ƙa'ida gaba ɗaya, kuma yara ne ke shanyewa. Ga hawan jini da ciwon sukari a gidajen da a da ba a san su ba, ga tamowa a jikin ƙanana. Asibitin masu cutar noma mai cin fuskar yara yana nan cikin garinmu, kuma likitoci sun tabbatar rashin abinci mai gina jiki na cikin manyan dalilanta.

Muna roƙon Mai Alfarma ya umarci hakimai da sarakunan kasuwa su fitar da kwano ɗaya mai hatimi, wanda za a riƙa awo da shi a Babbar Kasuwa, Tsohuwar Kasuwa da kasuwannin ƙauye, a kuma hukunta wanda aka kama ya taɓa shi. Kula da mudu da sikeli aiki ne da magabatan wannan gida suka ɗauka da muhimmanci tun zamanin Shehu, Allah ya jiƙansa, kuma sura guda ta Alƙur'ani ta sauka da gargaɗi kan masu tauye awo.

Muna kuma roƙon a sa limaman Juma'a su yi huɗuba a kan wannan, su haɗa da jan hankalin iyaye game da abin da suke ba yara. Maganar liman tana shiga inda ta ma'aikacin lafiya ba ta kai. A yi magana da shugabannin makarantun boko da na Islamiyya su duba abin da ake tallatawa a bakin ƙofa, su ba masu gyaɗa, dafaffen wake, awara da kwaɗon zogale wuri. Matan unguwa ne ke yin su, ribar ma ta tsaya a gida. Sai kuma fada ta nemi hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta riƙa zagaya shaguna, saboda kayan da wa'adinsu ya ƙare da lemukan da ake haɗawa a ɗaki babu lamba babu suna.

Idan fada ta ba da dama, wakilanmu maza da mata a shirye suke su zo da kwanukan awo da ledojin da muka tara, a gani da ido.

Allah ya taimaki Sarkin Musulmi.

Mu ne talakawanku,
magidanta da iyaye mata na unguwannin da aka ambata, sa hannunmu na biye.