Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Gandun Dajin Da Ƙanena Ya Ɓace A Cikinsa

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

Yau kwana 19 ke nan da ƙanena ya shiga dajin da ke hannunka shi kaɗai, da 'yar jaka a baya da gorar ruwa biyu, har yanzu babu shi babu labarinsa. Ba sai na maimaita maka ba. A ofishinka muka zauna ni da kawunmu, da bakinka ka ce ba za a janye ma'aikata ba sai an gan shi, a raye ko a mace. Kwana 4 aka yi ana nema aka daina. Da na kira, sai aka ce wai babu man mota.

Littafin bakin ƙofar nan shi ke hana ni barci. Na gani da idona: ga sunansa da rubutun hannunsa, ga lambar wayarsa, ga lokacin shiga, ƙarfe 7:40 na safe. Gurbin lokacin fita babu komai. An karɓi kuɗinsa, an yanka masa rasit, magariba ta yi aka rufe littafi kowa ya tafi gida. Babur ɗinsa kwana biyu ya yi a gindin bishiyar maɗaci, taku kaɗan daga bencin masu gadi, har ƙura ta rufe shi, ba a samu mutum ɗaya da ya ce ina mai wannan ba. Sai da muka taso tun daga Zariya muka nuna musu da yatsa. Ranka ya daɗe, mene ne amfanin rubuta sunan mutum idan ba za a duba ko ya fito ba? Da wuya ɗan Adam ya wuce kwana uku babu ruwa, balle a zafin bazara. Biyu daga cikin ukun nan a bakin ƙofarku suka salwanta.

Na ji ana cewa ganganci ya yi. Yaron nan tun yana firamare yake hawan Dutsen Kufena, ya san kowane lungu daga Wusasa har ƙololuwa. Bara ya hau Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419, kuma da ɗan jagora ya je. Da an ce masa ba a shiga sai da jagora, wallahi da ya biya. Ba wanda ya ce masa komai. To a ce ma ya yi kuskuren, don haka sai a bar shi a daji?

Mahaifiyarmu kullum tana kan dadduma, waya a gefenta, ko ƙaramin saƙo ya shigo sai ta zabura. Masu zuwa gida sun rasa abin faɗa, jaje za su yi ko ta'aziyya. Matarsa wata 7 da aure. Malami ya gaya mana a mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓace shekara 4 take jira bayan ta kai magana gaban alƙali, sannan ta yi takaba. Yarinyar ko 20 ba ta kai ba.

Don girman Allah ka mayar da mutanenka cikin dajin. Ka kira mafarauta da makiyayan ƙauyukan da ke kewaye, su suka san mashaya da kwazazzabai, sun iya bin sawu, kuma sun ce mana a shirye suke, izininka kawai suke jira. Ka rubuta wa 'yan sanda su nemi kamfanin waya ya faɗi inda layinsa ya ɗauke. Idan mai ne matsalar, dangi sun haɗa kuɗi, ka faɗi nawa ne. Batun alluna a hanya da rediyon hannu ga masu gadi, wannan sai wani lokaci.

Amma littafin nan, daga yau ka sa a riƙa karanta shi kowace yamma kafin a rufe ƙofa.

Ranar Litinin zan dawo ofishinka da mafarautan, ƙarfe 8 na safe.

Yayansa,
Ƙofar Doka, Zariya.