Godiya ga ma'aikatan kilinik ɗin masu ciwon suga na Asibitin Malam Aminu Kano

Assalamu alaikum. Ni dai ba mai yawan rubutu ba ne a nan, amma wannan karon dole in fito fili in gode wa mutanen kilinik ɗin masu ciwon suga na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, don wallahi bayan ikon Allah su ne sanadin da yau Babanmu yake taka ƙafarsa zuwa masallaci.

Abin fa daga yankan farce ya fara. Mai yankan farce ya ɗan yanke shi a babban yatsa, shi bai ma ji ba saboda suga ta riga ta kashe masa jin ƙafar, sai wuri ya ƙi warkewa ya fara baƙi. Muka je kemis aka yi ta allura, wani asibitin kuɗi kullum wankin ciwo a karɓi kuɗi a ce mu dawo, a gida kuma 'yan uwa sun dage wai sammu ya taka, wasu su ce daji ne, aka kawo garin magani ana barbaɗawa. A wani wurin kuma da ba zan kama suna ba, likitan daga kan kujerarsa ya leƙo ƙafar yana toshe hanci ya ce a shirya kuɗin tiyata za a yanke daga ƙasan gwiwa. Ko safar hannu bai sa ba balle ya taɓa. Baba ya ce gara a mai da shi gida ya mutu da ƙafarsa.

A asibitin Malam wata sista ce ta fara karɓar mu, dattijuwa haka, Allah ya saka mata da aljanna. Durƙusawa ta yi ta cire masa silifas da hannunta, ƙafa biyun duka har da mai lafiyar, ta ɗora yatsunta a bayan ƙafar da gefen idon sawu tana neman bugun jini. Sai ta ce, "Baba, in kun yi tafiya sha-raɓarku tana ciwo, in kun tsaya ta daina?" Ya ce ƙwarai 'yata. "Da dare fa, sai kun sauko da ƙafar daga kan gado kuke samun barci?" Kallon ta ya tsaya yi, don mu kanmu ba mu san yana kwana a zaune ba, ya ɗauka tsufa ne kawai. Duk yawon da muka yi ba wanda ya taɓa yi masa waɗannan tambayoyin.

Aka auna hawan jini a hannu aka auna a idon sawu aka raba na ƙafar da na hannun, likita ya ce in lissafin ya gaza 0.9 to jijiyoyin da ke kai jini ƙafa sun fara toshewa, na Baba ya yi ƙasa da haka sosai. Wani sikanin da ake kira Doppler, mai duba yadda jini ke gudana a jijiyoyi, ya nuna inda kitse ya tsuke hanyar. Likitan ya yi mana bayani da Hausa tiryan-tiryan, cewa suga da hawan jini da tabar da Baba ya sha shekaru yana direba su ne suka taru, kuma ciwon da jini ba ya isa gare shi kamar shuka ce da aka tare wa ruwa, ko me za ka barbaɗa ba za ta yi ba. Ya ce in abin ya tsananta akwai aikin buɗe jijiyar da ɗan balan-balan ko a yi wa jinin wata hanya ta kewaye, amma za a fara gwada magani. Yatsan dai ya riga ya mutu an cire shi, aka ɗora Baba a kan allurar insulin da asfirin da maganin rage kitsen jini, ƙafa ta tsira.

Abin da ke ci min rai, sau nawa masu suga suke zuwa asibitoci a garin nan a auna su a rubuta magani su fita ba wanda ya ce su cire takalmi? Duba bugun jinin ƙafa ko sisi ba ya ci. Duk 14 ga Nuwamba a yi taron ranar ciwon suga a raba riga da hula, amma a rediyo tallan masu maganin gargajiya da ke cewa suna warkar da suga gaba ɗaya ya fi yawa. Ba mai gaya wa tsoho kar ya kusanta ƙafa da kaskon wuta lokacin hunturu, ko ya riƙa tsane tsakanin yatsu bayan alwala, ko ya zazzage takalmi kafin ya sa. Mu ma a bakin sistar nan muka fara ji.

Likitoci, nas-nas, har yaron da ke tura keke, mun gode Allah ya biya ku. Sista kuma Baba ya ce in faɗa miki goron da kika ƙi karɓa ba ki tsira ba, zai zo da shi ranar kilinik.